Layin da Na Ɗaya Ya Goge

Ku taru, 'ya'yana, manyanku da ƙananku, kowa ya kife wayarsa, ɗayanku ya karanta wa saura. Na rubuta ne don kada wani ya katse ni. Maganar yayanku ce, wanda kuke kira Na Ɗaya. Kowannenku ya ji gutsure, wani daga bakin matarsa, wani a intanet, kun rarrabu kowa da wanda yake goya wa baya. Yau za ku ji ta daga tushe, kuma ba zan yi masa kara don ni na haife shi ba.

Yayanku mutum ne mai kai, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ba ya shaye-shaye, ba ya barin iyalinsa da yunwa, bai taɓa sa hannu a aljihun wani ba. Aibinsa guda ne, amma ya ishe shi: ba ya iya ganin sunan wani a gaban nasa. Tun yana makaranta, ranar da ya zo na biyu ba ya cin abinci. Abokansa suka laƙaba masa Na Ɗaya don tsokana, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu kamar an ba shi sarauta.

Tare suka tashi da ɗan Kawunku, ɗan ƙanena, a shagon gyaran rediyon Kawu. Kun san shagon: dogon benci da ya sha ƙuna, gwangwanaye cike da noti da guntayen waya, matattun talabijin jere a kan kanta, da warin dalma da ba ya barin riga. A ƙuryar baya Kawu ya ajiye musu wata tsohuwar kwamfuta da mai ita ya kawo gyara bai dawo ba. A kanta su biyun suka koyi shirya manhaja, a kujera ɗaya, kowa da rabin mazauni. Ɗan Kawu ba shi da sauri. Duk abin da ka tambaye shi sai ya ce, "Bari in duba," har abin ya zama sunansa.

"Kai Bari-in-duba," in ji Na Ɗaya, "ranar aurenka ma sai ka ce a dakata ka duba ko amaryar tana aiki."

"Gara ni, Yaya. Kai da ko layin allura ne sai ka yi rigima an sa ka gaba."

Kawu yakan yi dariya har ya ajiye ƙarfen dalma ya share hawaye. Wasa ne irin na ɗan mace da ɗan namiji, ba wanda ya taɓa riƙe shi a rai.

Sai na yi muku bayanin aikin da ya raba su, don na sa an yi mini shi har ya zauna mini, ba na yanke magana a kan abin da ban gane ba. Na'ura ba ta jin maganar mutum. Mai shirya manhaja yana rubuta umarninsa yadda mutum zai iya karantawa, sai wata babbar manhaja ta juya shi zuwa yaren da ƙwaƙwalwar na'ura ke ji. Masu sana'ar suna ce mata kompaila, amma tafinta ce dai. Kowace irin ƙwaƙwalwar na'ura, wato cip, da nata yaren. In sabon cip ya fito, sai an zauna an koya wa tafintar yarensa. Aiki ne na wata da watanni, mai cin ido da ƙashin baya.

To akwai wata tafinta da mutane daga ƙasashe barkatai suka haɗu suka gina shekara da shekaru, suka bar ta a buɗe kyauta. Lasisinta ya ce ka ɗauka, ka yi aiki da ita, ka gyara, ka sayar ma in ka ga dama. Sharaɗinsa kaɗan ne. In za ka miƙa wa wani, ka miƙa masa da asalin rubutun, har da abin da ka ƙara, yadda kai ma aka miƙo maka. Kuma sunan duk wanda ya rubuta wani ɓangare, da ke saman fayil ɗinsa, ka bar shi inda ka same shi. Wanda ya karya wannan, izininsa ya faɗi.

Da suka zama magidanta, wani cip mai arha ya shigo kasuwa, kuma tafintar ba ta san yarensa ba. Su biyun suka ce su za su koya mata. Kowa ya tashi daga wurin aikinsa sai ya zarce ƙuryar shagon Kawu. Da suka kammala kashi na farko, ɗan Kawu ne ya tura, don a lokacin Na Ɗaya ya fita sayo wata waya. Shugabar masu kula da tafintar, wata mata a can wata ƙasa da ba su taɓa gani ba, ta rubuta godiya a shafin aikin inda duniya ke gani. Ta ambaci sunan ɗan Kawu, ta ƙara da cewa "da ɗan'uwansa."

Na Ɗaya ya karanta, ya sake karantawa. "Da ɗan'uwansa. Wai ni ne da ɗan'uwansa?"

"Haba Yaya, ai sunanka na kan fayilolinka, nawa na kan nawa. Matar nan ba ta san mu ba. Bari in rubuta mata ta gyara."

"Kada ka kuskura ka roƙar mini suna a wurin kowa."

Kawu ya leƙo daga gaban shago ya ce, "Ku dai ku gama aikin, in ya so a rubuta sunana ni kaɗai, ai ni ne mai rufin da kuke zaune a ƙarƙashinsa."

Ɗan Kawu ya yi dariya. Na Ɗaya bai yi ba. Bayan 'yan kwanaki ya naɗe wayoyinsa, ya rataya jakarsa, ya ce kowa ya yi nasa, a ga wanda zai riga.

Ya samu shiga wani kamfani mai ƙera akwatunan da ke sarrafa injin ban ruwa mai aiki da hasken rana. Akwatin shi ke gaya wa injin yaushe zai tashi, yaushe zai tsaya. Da wannan cip mai arha za su ƙera sababbin akwatunansu, kuma suna so su ba masu haɗa injuna tafinta tare da kowane akwati, don kowa ya daidaita shi da rijiyarsa. Na Ɗaya ya dubi Manaja ido cikin ido ya ce zai gama kafin kowa a duniya. Aka ba shi tebur a hawa na sama, kusa da tagar da ke kallon sito, aka fara kiransa Injiniya.

Kuma ya yi aiki, kada wani ya rage masa. Yawancin abin da ke cikin tafintar nan ta kamfani guminsa ne, kuma mai kyau ne. Wuri guda ne ya tsaya masa a wuya. Cip ɗin nan, saboda arharsa, bai iya rabawa ba. Yana tarawa, yana ɗebewa, amma in aka ce ya raba wata lamba da wata, sai tafinta ta zagaya da shi ta wata hanya. Na Ɗaya ya rubuta hanyarsa, ta yi tafiyar hawainiya. Ya rushe ya sake, ta yi nauyi ta cika cip ɗin. Kullum Manaja ya wuce sai ya dafa masa kafaɗa ya ce, "Injiniya, ina aka kwana?" shi kuma ya ce saura ƙiris.

Wata rana da azahar, abokan aiki duk sun sauka cin abinci, ya buɗe shafin ɗan Kawu, wanda ya rantse ba zai ƙara leƙawa ba. Ga fayil ɗin rabawa nan a ajiye, gajere, tsaf, yana aiki. Ya karanta shi daga sama har ƙasa. Dabarar ba ta taɓa zo masa a rai ba.

Ku lura da nan, 'ya'yana. Ɗaukar ba laifi ba ce, don a ɗauka aka ajiye. Da ya kwafi fayil ɗin yadda yake ya sa a cikin aikinsa, da ba wanda zai ce masa uffan, da ɗan Kawu ma murna zai yi. Abin da ya gagare shi layi ɗaya ne a can sama, mai ɗauke da sunan ɗan Kawu. Ya hango abokan aikinsa suna buɗe fayil ɗin suna tambaya, wane ne wannan? Ya hango kansa yana cewa, ƙanena ne, shi ya warware inda na kasa. Ya ji gara a yanka shi. Ya sa yatsa ya goge layin. Daga nan ya bi rubutun yana sauya sunayen abubuwa, yana juya na sama ya koma ƙasa, har ya yi kama da hannunsa. Kafin mutane su hau daga cin abinci, ya rubuta sunansa a saman.

Da aikin ya haɗu, Manaja ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. "Injiniya, ni ba sana'ata ba ce, kuma lauya zai tambaye ni. Abin nan namu ne? Za mu iya rufe shi, kada masu gasa da mu su kwasa a banza?"

"Tushen na kowa ne, kyauta ne. Abin da na ɗora a kai kuwa nawa ne daga farko har ƙarshe. Ku rufe."

Ya san ba haka lasisin ya ce ba, ya karanta shi tun yana saurayi. Amma in aka buɗe rubutun, ɗan Kawu zai gani, kuma zai gane ɗansa ko an sauya masa riga. Ƙaryar farko ce ta nemi ta biyu.

Aka buga littafin bayani da sunansa a bango. Ya biya ta shagon Kawu da kwafe ɗaya a hannu. Kawu ya juya littafin yana sa albarka. Ɗan Kawu ya fito daga ƙurya ya miƙa hannu.

"Barka, Yaya. Ka riga ni, na sallama. Yaya ka yi da rabawa? Ni kam ta sha ni."

"Kai dai ci gaba da dubawa," in ji Na Ɗaya.

Ɗan Kawu kuwa ya ci gaba da dubawa, don halinsa ne. Yana cikin gwada fayil ɗinsa da manyan lambobi sai ya tarar da kuskure. In lambar da za a raba ta wuce wani mataki, amsar sai ta juye, babba ta fito ƙarama. Ya yi facin wurin, ya sanar a shafin aikin. Sai dai hankalinsa bai kwanta ba, don ya san yayansa. Ya hau babur ɗinsa ya tafi kamfanin, ya hau bene da hular kwano a hannu.

"Yaya, ɗan zo waje, magana ce ta minti ɗaya."

Manaja na tsaye a wurin, abokan aiki na kallo. Na Ɗaya ya jingina da kujera. "Faɗi a nan. Ni ba ni da abin ɓoyewa."

Ɗan Kawu ya rage murya. "Fayil ɗina na rabawa yana da kuskure. Na gyara. In ka yi amfani da shi, ka ɗauki facin kafin kayanku su fita. Shi ke nan abin da ya kawo ni."

Manaja ya juyo ya dubi Na Ɗaya.

"Fayil ɗinka?" Na Ɗaya ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ni zan ɗauki fayil ɗinka? Ku ji mini yaro. Na riga shi gamawa, shi ne ya biyo ni har wurin aiki yana neman a ce da hannunsa a ciki."

"Ban ce ka ɗauka ba, Yaya. Cewa na yi in ka ɗauka."

"To ban ɗauka ba. Ko leƙa shafinka ban taɓa yi ba. Ka gaishe da Kawu."

Ɗan Kawu ya kifa hular a kai tun a cikin ofis, ya sauka.

Da wurin ya lafa, Na Ɗaya ya ja kwamfutarsa ya gwada da babbar lamba. Amsar ta juye. Ya sake gwadawa, ta sake juyewa. Ya ɗaga kai ya dubi taga. Ga akwatunan can a sito, an jera su har kusa da rufi, ana loda wa mota. Dokar kamfanin ita ce, in an gama gwaji an rufe aiki, ba a taɓa ko harafi sai an tara mutane an faɗi dalili. In ya tara su ya ce akwai kuskure a rabawa, a ranar da ƙanensa ya zo ya faɗi haka a gabansu, ai ko yaro ya gane. Sai ya fara lallashin kansa. Lambar ba za ta taɓa kaiwa can ba. In ma ta kai, sai jefi-jefi. Zai gyara a shiru a fitowa ta gaba. Ya rufe kwamfutar. Motar ta fita daga sito yana kallo.

Matarsa ta lura ya daina cinye abincinsa. "Baban yara, lafiya? Ko aikin ne?" Sai ya ce gajiya ce.

Lokacin sanyi komai ya tafi daidai. Da zafi ya shigo, rana ta yi ƙarfi, wutar da farantin hasken rana ke bayarwa ta hau, lambar ta wuce matakin. Akwatin da ya kamata ya ga wuta ta yi yawa ya tsayar da injin, sai ya ga kamar ta yi kaɗan, ya ƙara buɗe masa. Injuna suka fara ƙonewa a cikin rijiyoyi, kuma a daidai lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa. Masu lambu suka tsaya suna kallon ganye na kwantawa.

Wata mata mai haɗa injuna, wadda ta sa wa manoma da yawa akwatunan nan da hannunta, ta zo kamfanin da ƙonannen inji a buhu. Ta hau da shi bene, ta dire shi a kan teburin Manaja, baƙin mai na ɗiga a kan takardu.

"Mutanen da suka yarda da ni ne ke zagina a kasuwa," in ji ta. "Ba surutu na zo ji ba. Tafintar nan da kuka ba mu, na san tushenta, na san lasisinta. Ku ba ni asalin rubutun in nemo ciwon da kaina."

Manaja ya dubi Na Ɗaya. Nan ma ƙofa ce ta buɗe masa, da ya shiga da an tsira da wani abu. Ya ce, "Rubutun sirrin kamfani ne, Hajiya. Wataƙila wurin haɗawa ne aka yi kuskure."

"Wurin haɗawa? Ni za ka gaya wa haɗawa?" Ta ɗauki jakarta, ta bar musu injin a kan tebur.

Ta koma ta yi ta gwaji har ta gano lambar da amsa ke juyewa, ta rubuta a dandalin masu tafintar tana neman taimako. Ɗan Kawu na gani ya gane lambar, tasa ce. Ya kira yayansa a waya, ba a ɗauka ba. Ya sake kira, aka kashe wayar. Sai ya zauna ya jera abin da tafintar kamfani ke fitarwa kusa da abin da tsohon fayil ɗinsa ke fitarwa. Iri ɗaya ne sak, har da kuskuren. Sauya sunaye bai ɓoye komai ba, don na'ura ba ruwanta da sunan da ka ba abu.

Nan shi ma ɗan Kawu ya yi nasa, kuma ba zan rufe masa ba. Sanar da mutane dole ne, don injuna na ƙonewa. Amma bai aika wa shugabar a keɓe ba, bai zo ya gaya wa mahaifinsa ko ni ba. Kalmar "yaro" da aka jefe shi da ita a gaban mutane tana nan tana cin sa. Ya manna hujjar a fili, ya sa mata take da manyan baƙaƙe: "Na ɗaya a kwafa." Ya kuma rubuta cikakken sunan yayansa a ƙasa. Kafin rana ta faɗi, duk mai wannan sana'a ya gani.

Masu kula da tafintar suka sanar da kamfanin cewa izininsa ya faɗi, kada ya ƙara ba kowa ko kwafe ɗaya sai ya gyara. Lauya ya zo ya zauna da Na Ɗaya, ya buɗe lasisin a gabansa.

"Injiniya, ka taɓa karanta wannan?"

"Na karanta."

"To me ya sa? Kyauta fa aka ba ka. Ni na saba ganin wanda ya ɗauki abin da aka hana shi. Ban taɓa ganin wanda ya saci abin da aka miƙo masa ba."



Kamfanin ya ceci kansa. Ya buɗe rubutun duka, ya mayar da sunan ɗan Kawu inda yake, ya janye akwatunan, ya ba da haƙuri. Aka rage ma'aikata, har da waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Shi kuwa aka ba shi kwali ya zuba kayansa. Sabon littafin bayani ya fito babu sunansa. Duk inda ya kai takardar neman aiki, sai a buga sunansa a intanet, abin da ke fara fitowa taken nan ne. Aikinsa mai kyau, wanda ya ci idonsa a kai, ba mai maganarsa. Shugabar ta rubuta cewa ƙofarsu ba a kulle take ba: ya faɗi abin da ya yi a fili, wanda aka goge wa suna ya ce ya yafe, sai a karɓi aikinsa kamar da. Ɗan Kawu ya ce zai yafe, amma sai ya ji daga bakinsa. Na Ɗaya ya ce sai an fara sauke taken nan. Aka tsaya a haka, wata na bin wata. Ya koma zaman falo, labule a sauke, yara na tafiya da sanɗa in za su wuce.

Ana cikin haka ciwon ƙirji ya kwantar da Kawu a asibiti. Bai taɓa gane fayil ko lasisi ba, abin da ya sani shi ne yaransa biyu ba sa gaisawa. Da jiki ya yi nauyi ya aika a ce su zo masa, su biyu, tare.

Na Ɗaya ya zo da safe, shi da matarsa, da ledar lemo a hannu. Tun a bakin ƙofar asibiti ya ga babur ɗin ɗan Kawu a jingine. Ya hau, ya bi baranda mai warin magani, ya tsaya a ƙofar ɗakin. Ta gilashi ya ga Kawu a kwance, an sa masa ƙarin ruwa, ya rame har kamar ba shi ba. Ɗan Kawu na zaune a gefe riƙe da hannun mahaifinsa. A ɗaya gefen an ajiye kujera babu kowa.

"Baban yara, shiga mana," in ji matarsa.

"Bari ya fito tukuna."

"Tare fa ya ce. Don Allah ka shiga."

Wata ma'aikaciyar jinya ta zo wucewa da tire. "Malam, ko ka shiga ko ka ba ni hanya. An hana ka ne?"

"Ina jiran wani ya fito."

Ya miƙa wa matarsa ledar, ya sauka, ya zauna a kan dakali ƙarƙashin wata bishiya inda yake hango babur ɗin. Yana ta shirya maganar da zai gaya wa Kawu in sun keɓe, yadda zai nuna masa cewa shi aka tozarta. Ni ina cikin ɗakin a lokacin. Duk sanda ƙofa ta motsa sai Kawu ya juyo da kai. Ya tambaye ni, ni yayarsa, "Yaya, bai zo ba?" Na ce yana hanya. Ya sake tambaya, na sake cewa yana hanya.

Wajen azahar likita ya rubuta wani magani, ɗan Kawu ya sauka da gudu ya hau babur. Na Ɗaya na ganin ya fita ya haura bene bibbiyu. Ya shigo ya durƙusa a bakin gado.

"Kawu, ga ni. Ni ne. Na zo."

Idon Kawu a buɗe yake, amma ya riga ya daina ganin mutane. Numfashi kawai ke shiga yana fita. Na Ɗaya ya kama hannun yana girgizawa a hankali, yana kiransa, yana cewa tun safe yake nan. Ba a amsa ba. Kafin ɗan Kawu ya dawo da maganin, rai ya yi halinsa.

Ɗan Kawu ya shigo da leda a hannu ya ga an ja mayafi. Ya tsaya a wannan gefen gado, yayansa na wancan gefen. Sannan ya ce, "Ya jira ka, Yaya."

Na Ɗaya ya buɗe baki, maganar ba ta fito ba.

Har yau ba ta fito ba. Shagon na rufe. Ɗan Kawu bai ƙara taɓa aikin tafintar ba, wasu can suka ɗauka suka ƙarasa, amma taken nan bai sauke shi ba. Yayanku kuwa matarsa ta ce yakan zauna ya rubuta saƙo, ya karanta, ya goge.

Darasin da ke cikin wannan a fili yake, 'ya'yana. Abin da aka ba ka kyauta da sharaɗi amana ce, kuma sauƙin sharaɗin ba ya rage nauyinta. In hannun wani ya taimake ka, ka ambaci sunansa, ba ya rage maka komai. Wanda ya kasa cewa "wannan ba ni na yi ba" zai wayi gari yana kare ƙarya da ƙarya, kuma waɗanda za su sha wahalarta mutane ne da ba su san shi ba, da mutanen da suka fi son sa. Wanda kuma gaskiya ke hannunsa, ya faɗe ta don ta gyara, kada ya wasa ta don ta yanka. Ni na yi magana da su biyun har bakina ya gaji, kowa ya sunkuyar da kai ya ce to, ya tashi da abinsa. Ku ne sa'o'insu, ku suke jin kunya yanzu. Ku daina ɗaukar ɓangare. Ku je ku ɗauko yayanku, ku ɗauko ɗan Kawunku, ku zaunar da su a ɗaki ɗaya, wannan ya faɗi abin da ya goge, wancan ya sauke abin da ya rubuta, kuma kada ku tsaya tambayar wa zai fara. Ku raba wannan magana tun ina iya gane fuskokinsu in sun shigo.